Kunnen Baba Jethro

Baba Jethro ya ɗora bakin doguwar sukudireba a kan injin, ya manna ƙotarta a kunne, ya lumshe ido kamar likita. Shekara talatin yana haka a garejinsa na Kakuri. Har daga Kakau ake kawo masa tsofaffin Fijo don ya saurara kawai ya faɗi ciwonsu. Yau kam abin da yake ji bai wuce wani gunji mai nisa ba, kamar injin niƙa a bayan layi. Kunnen dama ya mutu tun bara, na hagu yana bin sawu, kuma ko matarsa Celina bai gaya wa ba. Bakaniken da ba shi da kwamfuta, ba shi da ƙuruciya, in aka ji kunnen ma ya tafi, wa zai ƙara kawo masa mota?

Motar ta Malam Ɗalhatu ce, tsohon hedimasta daga Makera, farar 504 da ta girmi 'ya'yansa duka. Zuwansa na uku ke nan a mako guda kan wata ƙara. Ran Litinin Jethro ya canja filogi. Ran Laraba ya ɗaure fanbel, ya ce magana ta ƙare. Duk lalube ne. Yau Malam ya zo har da matarsa, Hajiya Khadija, tana zaune a baya tana fifita da mayafi. Ta riga ta ce in yau ba a dace ba, gobe sai wajen masu kwamfuta.

Jethro ya koma hagu, ya dawo dama. Ya sa a taka totur, a saki, a sake takawa. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge, ya mayar, ya kuma zarowa. Da dabara ta ƙare, sai ya ce Malam ya kwaikwayi ƙarar ya ji, kamar mai yi wa ɗalibi jarrabawa.

Malam ya waiwayi motar, ya matso, ya yi ƙasa da murya har sai da Jethro ya bi leɓensa da ido.

"Jethro, tsakanina da kai, ni ban taɓa jin ta ba. Hajiya ce ke ji. Ni yanzu ko kiran salla sai an taɓa ni. Ai shi ya sa nake zuwa wurinka, kunnenka ya ishe mu mu biyu."

Jethro ya dubi sukudirebar. Zai iya ɗaure wani abu ya ce an gama, Malam kuwa zai yarda. Amma Malam ya ce jibi za su hau hanyar Zariya da ita.

Jethro ya zagaya ya buɗe ƙofar baya.

"Hajiya, don Allah ki fito ki ara mini kunnenki. Nawa ya yi ritaya, bai ko yi mini sallama ba."

Ta fito, ta karɓi sukudirebar da bakin mayafi saboda baƙin mai, ta manna ƙotar a kunne. Ya riƙa matsar da tsinin daga wuri zuwa wuri, tana girgiza kai. Da ya kai kan famfon ruwa, ta ɗaga hannu, ta ce nan ne, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya sa aka kashe injin, ya kama fanka ya jijjiga, ya ji tana rawa a hannunsa. Boris ɗin da famfon ke juyawa a kansa ya cinye. Da sun hau hanyar Zariya a haka, da ko Jaji ba su kai ba.

Tana miƙa masa sukudirebar ta ɗaga murya. "Sau uku na gaishe ka da muka iso, Baba Jethro, ba ka amsa ba. Na ɗauka girman kai ne."

Ya ce shi ma da zai zaɓa, da girman kan ya ɗauka.

Yana kwance notin famfon yana shirya yadda zai gaya wa Celina. Sai a noti na uku ya tuna cewa tun bara, duk sanda za ta yi masa magana, sai ta zagayo ta hagunsa.