Takalmi a Bakin Ƙofa

Ƙarfe tara na safe aka ɗauke ruwan sama, amma hazo bai bar kan duwatsun Acham ba. Dansara, ma'aikaciyar jinya, ta buɗe ɗakinta da ke ƙarshen baranda a ƙaramin asibitin garin. A nan ake ba masu cutar ƙanjamau magani. Wata biyu ta yi tana shirya ɗakin nan. Magani ya iso, kayan gwajin jini sun iso, har allon da aka rubuta sunan cutar ta sa an cire. Amma mutane ba sa zuwa.

Wanda ya fi damun ta Gagan ne, wani ɗan garin da ya dawo daga aikin gadi a Mumbai duk ya rame. Jiya ƙwayoyin maganinsa suka ƙare, ga tari ya kama shi.

Ta taga ta hango shi a gindin bishiya, sai ta fita.

"Ƙanena, bishiyar ce za ta ba ka magani?"

Bai yi dariya ba. Ƙafarsa ya nuna mata, takalmin roba ruwan ɗorawa irin na Mumbai.

"Yaya, duk garin nan wa ke da irinsa? Wancan watan na cire shi a ƙofarki, matar kawuna ta wuce. Kafin in kai gida an ware mini kofina."

Dansara ta waiwaya ta dubi barandar. A asibitin nan kowa a ƙofar ɗakin da zai shiga yake cire takalmi, kamar a gida. Ita kanta ta san silifas ɗin rabin garin. Ashe allo ɗaya ta cire, ta bar wani a ƙasa.

Ta wuce ofishin likita, ta roƙa a bar mutane su riƙa shiga da takalmansu.

"A shiga da taɓo? Da damina?" in ji shi. "Karbir mai shara zai kashe mu."

"To kowa ya cire a babbar ƙofa, ranka ya daɗe. Mai ciki, mai ciwon haƙori, har da kai."

"Har da ni?"

"Naka ma ya fi na kowa taɓo."

Ya harare ta, sannan ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa.

Ita da kanta ta ja tsohon benci zuwa babbar ƙofa, ta bi baranda tana kwashe takalma, masu su na mita. Kafin goma da rabi an tara su wuri guda. Gagan ya daɗe yana kallo, sannan ya cire nasa ya shiga ba takalmi, kamar kowa. Ya fito da maganin wata guda a aljihu.

Kafin nan yayyafi ya dawo. Tsoho Karbir ya zo wucewa da tsintsiya, ya ga ruwa na taruwa a cikin takalmin ruwan ɗorawa. Ya zubar, ya kife shi a ƙarƙashin bencin, ya ci gaba da shararsa. Gagan ya zo ya zura ƙafa ya tafi, bai ma lura ba.