Ramin da Baba Ya Ɓoye

Da Auta ta karɓi albashinta na farko a asibitin da take aikin nas, ko ɗan kunne ba ta saya wa kanta ba. Katifa ta sayo wa babanta. Wata ƙatuwa, fara sol, wadda sai da masu dako suka sha fama da ita a matakalar bene kafin ta yarda ta shiga ɗaki. Baba ya yi shekara da shekaru yana tuƙa babbar mota, kujerar direba ta gama cinye masa baya, kuma Auta ta taso tana jin nishinsa duk sa'ad da zai miƙe. Ran nan tsayawa ya yi a bakin ƙofa yana kallo. Daga baya bakinsa ya buɗe, bai kuwa sake rufuwa ba. Mai aski ya ji labarin katifar, mai gyaran rediyo ya ji, har mai duba mitar wuta sai da aka shigo da shi ya danna ta da hannunsa.

Ba a rufa shekara ba katifar ta fara lotsawa. Da fari ɗan kwari ne daidai ƙugu, sannu a hankali ya zama rami sosai, irin wanda in ka kwanta a gefe sai ka farka a tsakiya. Baba kan tashi da safe a karkace, ya dafa bango, ya dafa kujera, kafin ya samu ya miƙe. Ciwon bai dame shi ba kamar tsoron kada Auta ta sani. Yarinya ta ɗauki guminta na farko ta kawo masa, a ce mata abin da ta zaɓa ba shi da kyau? Shi kam gara bayansa ya karye.

Mama ce ta fara yi masa tsiya.

"Malam, ni fa na koma kan tabarma. Na gaji da gangarowa kanka kamar buhu."

"Ke dai ba ki iya kwanciya ba ne."

"To kai da ka iya, me ya sa kake tafiya kamar mai neman allura a ƙasa?"

"Tsufa ne. Kuma kada in ji maganar nan a kunnen yarinyar nan."

Mama ta ce to. Da ya fita wajen mai aski ta ɗauki waya.

Washegari sai ga Auta da kayan aikinta a jiki, ko can inda take zaune ba ta biya ba. Baba ya yi ƙoƙarin tarbarta a miƙe, amma nas ce, kallo ɗaya ta yi masa. Ta zauna kusa da shi ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Katifar tana da garanti, wato kamfani ya ɗauki alkawarin cewa in ta lalace kafin wa'adi ba da laifin mai ita ba, za su gyara, ko su sauya, ko su mayar da kuɗi. Rasit yana hannunta. Za su turo mutum ya auna ramin, in ya kai zurfin da suka ƙayyade, shi ke nan.

"Wane rami?" in ji Baba. "Ni ban ga rami ba."

"To bari in duba."

"Mamanki ta baza kaya a ɗakin. Wata rana."

Auta ta dubi Mama, Mama ta dubi silin. Auta ta ce ai ta riga ta kira kamfanin, jibi mutuminsu zai zo.

Ranar da za a zo, Baba ya jira har Mama ta tafi kasuwa, sannan ya kulle ƙofa ya shiga aiki. Mutumin da ya sha ɗaure kaya a bayan mota ba zai rasa dabarar cike rami ba. Ya ɗaga katifar da kafaɗa, yana cije leɓe, ya cusa bargo a ƙarƙashi. Ya duba, bai isa ba. Ya ƙara tawul, ya ƙara rigar sanyinsa ta zamanin tuƙi, ya ƙara tsohon labulen falo, har da zannuwan Mama da take ji da su. Ya shimfiɗa zanin gado, ya ja kowace kusurwa ta miƙe, ya koma baya yana haki yana yaba wa kansa.

Ma'aikacin kamfanin ya iso tare da Auta, Mama na biye da su da kwandon cefane. Mutum ne siriri mai ladabi, riƙe da wata doguwar sanda ta ƙarfe da rula. Ya gaida Baba har da rusunawa, ya nemi izini ya yaye zanin gadon. Ya duba ko akwai tabo, babu. Ya duba ko an yage tambarin kamfani, yana nan. Sai ya ce zai gitta sandar a kan katifa, ya auna tazarar da ke tsakaninta da ƙasan ramin.

"Auna, ɗana, auna," in ji Baba. "Ni dai tun da nake ban taɓa kwanciya a kan abu mai daɗin wannan ba."

Ma'aikacin ya ɗora sandar. Maimakon ta kwanta, sai ta hau lilo, wannan kai ya yi sama, wancan ya yi ƙasa. Ya gyara ta, ta sake. Ya durƙusa ya leƙa ta gefe, ya sosa ƙeya.

"Baba, rami aka ce mini. Wannan kuwa tudu ne."

Mama ta ajiye kwando ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"To ka gani," in ji Baba. "Ƙaruwa ma take yi."

"Sai na duba katakon gadon, Baba. Ƙa'ida ce, don wani lokacin gadon ne ke da matsala."

Kafin ya kai hannu, Baba ya yi wuf ya zauna daram a kan katifar, da saurin da bayansa ya daɗe bai yarda da shi ba. Zafin ya soke shi har wuya, amma ya dake. Abin da bai lura ba shi ne, hannun rigar sanyin ya leƙo ta gefen gado yana reto.

Auta ta tsuguna ta kama hannun rigar. Ba ta ja ba. Ta ɗago ta dubi babanta, shi kuma ya kawar da kai wajen taga. Kunya ta rufe shi, da wani tausayin kansa da bai san daga ina ya fito ba.

"Baba, me ya sa?"

Baba ya shafa gefen katifar.

"Guminki ne na farko. Ban so wani ya shigo gidana ya ce abin da 'yata ta saya mini ba shi da kyau."

"Baba, ni ba soso na saya maka ba. Barci na saya maka. Na biya cif, har yau ba su kawo ba. In ka rufe ramin nan, ba ni ka rufa wa asiri ba, su ka rufa wa."

Baba ya juya maganar a ransa. Ta wannan fuskar bai taɓa kallon abin ba. Ashe yarinya ta yi ta tsayuwa a kan marasa lafiya wata guda cur, wasu can suka karɓe kuɗin suka ba ta abin da bai kai ba, shi kuma yana nan yana yi musu gadi da bayansa. Nan take ransa ya ɓaci, ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Kai, ɗana, kama can!"

Shi da kansa ya dinga zaro kayan yana jifa tsakar ɗaki. Da zannuwan suka fito Mama ta daina dariya, ta ce za su gamu anjima. Katifar ta koma yadda take, da raminta a fili. Ma'aikacin ya gitta sanda, ya zura rula, ya ce ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, katakon gado kuma lafiyarsa ƙalau. Ya ɗauki hoto, ya tambaya ko sauyi suke so ko kuɗi.

"Sauyi," in ji Baba. "Kuma ka gaya musu 'yata ce ta saya. In wannan ma ta lotsa, ni zan ɗauko ta a ka in kawo muku har ofis."

"Hakkinka ne, Baba," in ji ma'aikacin, yana ƙoƙarin haɗiye dariya.

Ran da aka kawo sabuwar, masu dako suka fitar da tsohuwar, Baba ya bi ta da ido har ƙasan bene. Duk da wahalar da ta ba shi, sai da ya ji ba daɗi. Auta ta lura. Ta zaunar da shi a bakin sabuwar katifar, ta zauna gefensa.

"Baba, ka yi mini alkawari ɗaya. Duk abin da na kawo maka, in yana cutar da kai, ka faɗa mini. Ni ba zan ji haushi ba. Ɓoyewar ce ke ci mini rai."

Baba ya gyaɗa kai. Ya dubi ƙofa, ya dubi Mama, ya dubi ƙafafunsa. Ya yi gyaran murya.

"To, tun da kin ce haka. Takalmin nan da kika saya mini bara."

"Wanda kake sawa kullum?"

"Matse ni yake yi, Auta. Tun ranar farko."

Mama ta zauna a ƙasa don dariya. Auta ma dariyar take yi, amma hawaye na zuba, ta durƙusa a gabansa tana kwance masa igiyar takalmin.