Mabuɗin da Ya Tafi Tajaye

Ranar da aka ba Badi'a sabuwar ordinata, wato kwamfuta, a buron da take aiki, ko kwana ba ta yi ba ta naɗe tsohuwar a zane ta aika wa ƙanwarta Nasiba, malamar lakwal, makarantar boko, a Tajaye. Haka gidansu yake tun suna yara: in ka samu sabo, tsohon ya sauka kan na bayanka. Takalmi ma haka, balle ordinata.

Badi'a likitar dabbobi ce a Malbaza. Satin da ya wuce ta ɗebi jinin shanun Mamadu, makiyayi na wajen Dogarawa, don saniya guda ta faɗi tana tari. Aka aika jinin labo, ɗakin gwaji, a Yamai, aka ce kafin amsa ta zo babu kasuwa, babu kiwo tare da shanun mutane. In ciwon huhu ne mai yaɗuwa, garken ya tafi ke nan, kuma Mamadu ba shi da komai bayan shi.

Amsar ta iso ran Laraba, a kulle, yadda labo suka saba aikowa. Badi'a ta danna, saƙon ya ƙi buɗewa. Ta sa kalmar sirrinta, shiru. Sai ta tuna. Takardar shaidar da ke buɗe mata saƙonni, da mabuɗinta na ɓoye, suna cikin tsohuwar ordinatar. Ita da ke yi wa mutane wa'azin kada su rubuta kalmar sirri a bango, ga ta ta yi kyauta da ƙofar baki ɗaya.

Mamadu yana tsugune a bakin buro, sanda a kafaɗa.

"Likita, mi suka ce?"

"Sun yi magana, Baba. Ni ce ban ji ba tukuna. Ka ba ni zuwa la'asar."

Ta kira Nasiba, waya a kashe. Kuma da bakinta ta ce mata ta kai ordinatar wurin mai gyara ya wanke ta tas, ya goge duk abin da ke ciki, kafin ta fara aiki da ita. Neman sabuwar shaida sai an yi makonni, ga shanu a ɗaure suna ramewa. Ta faɗa motar haya zuwa Tajaye.

Ta tarar da Nasiba tana tankaɗe.

"Kin kai ta wanki?"

"Yaya, ko sannu babu?" Nasiba ta yi dariya. "Ina zan kai ta, Inna ba ta gani ba? Kin san ba a taɓa kyauta sai ta sa albarka."

Ga ordinatar nan kan gado, ƙullin zanen ma ba a kwance ba. Badi'a ta kunna, ta juya wa ƙanwarta baya ta buga kalmar.

"Har ni?" in ji Nasiba.

"Har ke."

Saƙon ya buɗe. Ba ciwon huhu ba ne. Ta karanta, ta sake karantawa. Nan take ta kwashe mabuɗin a 'yar kile ta ajiyar bayanai, ta kulle shi da wata kalmar, ta goge shi daga ordinatar, sannan ta kira Mamadu.

Ta faɗa masa shanunsa lafiya lau suke. Sai ta ji ya ɗaga murya yana kiran matarsa.

"Kaltume, kwance su. Su tahi su sha ruwa."