Ranar da maƙogwaron Mthulisi ya rufe

Mijina Mthulisi da amacimbi aka yaye shi, wata tsutsa ce da ake ci a wajenmu. A ƙauyenmu da ke bayan garin Gwanda, idan ruwan Disamba ya sauka, tsutsar ta lulluɓe itatuwan mopane, ba mai zama a gida. Mu tsinko, mu matse, mu dafa da gishiri, mu shanya. Shi kuwa tun tana kan wuta yake kai hannu, har uwarsa MaNcube takan ce da cikinsa buhu ne da tuni mun gina gidan bulo.

Damina biyu a jere yana wani abu da ba mu gane ba. Da ya taɓa tsutsar sai hannuwansa su yi rudu-rudu, idanunsa su kaɗa su yi ja, ya wuni yana tari kamar mai fuka. Ni na ce hayaƙin murhu ne. MaNcube ta ce hannun mutum ne, ta dinga jiƙa masa saiwoyi. Shi kuma ya ce ƙayar jikin tsutsar ce kawai, ya sayi ƙwayar mura a shago. Da lokacin ya wuce sai ya warke sarai, mu ma mu manta.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci na soya tsutsar da tumatir da albasa, na tuƙa tuwon masara. Bai yi nisa da ci ba ya tsame hannu yana sosa wuya.

"Baban Thando, yau kuma girkin nawa ne bai yi ba?"

Bai yi dariya ba. Da ya ɗago kai na ga leɓensa na sama ya kumbura ya ninka na ƙasa. Muryar da ta fito daga bakinsa ba tasa ba ce.

"Sithokozile, harshena ya cika min baki."

Numfashinsa ya koma fito, siriri, kamar iska a ramin gora. MaNcube ta rugo da kofin jiƙonta za ta ɗura masa. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli surukata ba, sai ga shi na buge kofin daga hannunta, don na ga ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa.

Maƙwabcinmu Dumisani ya ɗaura jakuna a amalanke, muka cicciɓe shi muka ɗora. Ƙaramin asibitinmu yana ƙetaren rafi. Ina riƙe da kansa a cinyata, ina kiran sunansa, ina kallon leɓunansa suna komawa launin toka. A cikin yashin rafin jakunan suka tirje. Daidai nan hannunsa da ke damƙe da zanena ya saki. Ban san lokacin da na diro na kama ƙafar amalanken ina turawa ba, Dumisani yana dukan jakuna yana addu'a a lokaci guda.

Nas ɗin tana wanki a bayan asibiti. Kallo ɗaya ta yi masa ta shiga da gudu, ta fito da allura ta caka masa a cinya ta saman wando. Muka tsaya.  Can sai ƙirjinsa ya ɗaga, ya ja iska da ƙara.

Ta tambaye ni abin da ya ci, da ko ya taɓa yin haka. Da na ba ta labarin kumburin da tarin, sai ta ce:

"Mama, jikinsa ya yi ta faɗa muku. Borin jini ne. Wanda yake dawowa duk lokacin da aka taɓa abu ɗaya, ba a zama da shi a gida."

Ta ce kada in saki jiki, abin yakan dawo bayan allurar ta sake shi. Ta kira motar asibiti aka wuce da shi Gwanda. Daga can aka tura mu Bulawayo wajen likitar da ta ƙware a kan irin wannan ciwo. Ta ɗiga masa ruwaye iri-iri a hannu, ta ɗan tsaga fatar kowane wuri. Muna zaune sai wurin da ta ɗiga ruwan tsutsar ya taso jawur. Ta ce har abada kada ya ci, kada ya taɓa, kada ma ya shaƙi ƙurar busasshiyar, kuma ta koya min yadda zan yi masa allurar da hannuna.

Yanzu idan tsutsa ta fito, gidan yayarsa yake komawa a gari. Ni nake tsinkowa, in shanya a gonar Dumisani, in yi wanka in sauya kaya kafin in shiga ɗaki. MaNcube har yau cewa take akwai hannun mutum a ciki, amma ta ware wa ɗanta tukunyarsa daban.

A watan jiya muka je bikin ɗiyar ƙanwata. Ana cikin cin abinci Mthulisi ya yi gyaran murya sau biyu. Kafin ya yi na uku na miƙe tsaye, hannuna a cikin jaka ina laluben allurarsa, mutane suna kallona. Ya ce barkono ne ya sarƙe shi. Na zauna, amma ban ƙara iya kai loma bakina ba har aka watse.