Sillen Gilashi a Gindin Tanki

Rufa-rufa ita ce cutar da zan ba da labarinta. Mutum ya ga ɓarna da idonsa, maimakon ya gyara sai ya nemo abin da zai lulluɓe ta, ya koma gefe yana murmushi wai shi ya yi dabara. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina gini kafin gwiwa ta zaunar da ni, ban taɓa ganin bangon da fenti ya riƙe ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma tsaga in na gan ta ina karanta ta kamar yadda masu boko ke karanta jarida.

Benen da muke ciki hawa huɗu ne, kowane hawa gida uku, kowa da kuɗinsa ya sayi nasa. Ni da mai ɗakina muna hawa na ƙarshe, ɗakin kwananmu daidai ƙarƙashin tankin da ke ba kowa ruwa. Muna da ƙungiyar masu gida. Duk wata kowa yana zuba abin da aka yanka masa a asusun gyara, sau ɗaya a shekara mu zauna mu tsai da aikin da za a yi. Ƙa'idarmu ƙofa ɗaya ƙuri'a ɗaya. Ni na kawo wannan ƙa'ida da bakina, ban hango cewa wata rana mutum ɗaya zai saye hawan ƙasa kaf ba. Mai Siminti ya saye. Ɗaya yana ciki da iyalinsa, biyu ya mai da su shaguna. Ƙofa uku, ƙuri'a uku, ga baki kamar rediyo, shi ke nan aka ba shi shugabanci.

Akwai wani ɗaki a ƙarƙashin matakala, sai ka sauka taki biyar, inda muke ajiye tsani da bokitai. Mai Siminti ya ce zai ɗan ajiye buhun siminti goma na kwana biyu. Kwana biyun nan suka zama shekara uku, tsanin da bokitan ma aka fitar da su waje. Babu haya, babu na gode. Dama sai an sami wurin zama ake miƙe ƙafa.

Bara hukuma ta turo injiniya dubawar shekara. Mace ce, 'yar siririya, da ƙaramar guduma a jaka. Na raina ta, ba zan ɓoye ba, har sai da muka hau rufi na ga ta ƙwanƙwasa ginshiƙi ta kara kunne. Nan na san ta san aiki. Tankin yana zaune kan gajerun ginshiƙai huɗu na kankare. Na ɓangaren ƙofar matakala ya tsage daga sama har ƙasa, tsatsar rodi tana tsiyaya daga ciki kamar ciwon da ya ƙi warkewa.

Ta ciro sillen gilashi, tsawon ɗan yatsa, ta ɗora shi a gicciye kan tsagar, ta liƙe bakinsa biyu da siminti, ta rubuta kwanan wata a kai da jan alƙalami. Mai Siminti yana tsaye yana latsa waya, don haka ni ta yi wa bayani.

Ta ce, "Baba, bango ba ya magana, gilashin nan ne bakinsa. In tsagar tana tafiya zai karye. Bayan wata uku za a dawo. In ya karye kafin nan, ku rage ruwan tanki ku neme mu."

Mako biyu bayan haka muka yi zaman shekara a falon ma'ajinmu, malamar makaranta ce da ke hawa na biyu. Malama ta karanta lissafin da aka yi: sake ginshiƙan zai ci kashi biyu cikin uku na asusu. Ba ta rufe baki ba Mai Siminti ya baza hotuna a tebur, tayil mai sheƙi na fuskar bene da sabuwar ƙofar ƙarfe mai ruwan gwal. Ya ce gida fuska ne, wanda zai kama haya ba ya hawa rufi ya duba tanki, ƙofa yake kallo. Mutanen hawa na uku biyu daga cikinsu haya suke son bayarwa, na ga yawunsu ya tsinke.

Na ce rigakafi ya fi magani, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya yi dariya.

"Baba Magini, tankin nan ya girmi wasu 'ya'yanmu, ko sau ɗaya bai taɓa faɗuwa ba."

Na ce, "Ni ma ban taɓa mutuwa ba, amma ba hujja ba ce."

Aka yi dariya, sannan aka kaɗa ƙuri'a, bakwai da biyar. Dariyar tawa, ƙuri'ar tasa. Da za mu tashi ya dafa kafaɗata ya ce in gilashi ya karye in zo in same shi, shi da kansa zai ɗauki tankin a ka.

Aka fara aikin tayil. Wata safiya na leƙo na tarar da lebura yana cusa siminti a bakin bututu biyun da ke sauko da ruwan rufi ta gaban gida. Na tambayi wa ya sa shi, ya nuna shago da haɓa. Mai Siminti ya ce bututun za su ɓata masa tayil da sawun ruwa, zai mai da su baya kafin damina. Na ce masa rufin da ba shi da mafita kwano ne, ba rufi ba. Ya ce ai yanzu rani ne, ruwa daga ina? Na ɗaga kai na kalli tanki, shi kuma ya koma kan wayarsa.

Kullum da safe nake hawa rufin, taki goma sha shida, gwiwa tana zagina ina zaginta. Rana ta ashirin da uku da liƙa gilashin na tarar ya rabu biyu. Rabi na nan maƙale, rabi ya faɗi ƙasa da sauran jan rubutu a jikinsa. Na tsince shi na sa a kwalin ashana na sauka har shago. Mai Siminti ya juya shi a tafin hannu, ya ce iska ce, ko tsuntsu, ko kuwa ni ne na cika taɓawa. Na tuna masa alkawarinsa. Ya ce in bar masa komai a hannunsa. Washegari na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar rufi, wai saboda yara. Yaro ɗaya ne ke hawa rufin nan, kuma shekararsa saba'in da biyu.

Ranar dawowar hukuma ta faɗo daidai ranar da asibiti suka ba ni ta duba ido, kuma Mai Siminti ne ya zaɓi ranar, don shi ake kira a matsayin shugaba. Injiniya ta tafi hutun haihuwa, wani aka turo da takarda a hannu. Abin da aka rubuta masa kawai, ya duba gilashi. Ya hau, ya ga gilashi lafiya lau da jan rubutu, ginshiƙi ya sha shuɗin fenti, ya sa hannu ya tafi. Ko da na dawo da ido ɗaya a rufe, takardar tana bango a bakin ƙofa cikin firam, kamar shaidar gama makaranta.

Malama ta rubuta mini ƙorafi na kai ofishin hukuma. Aka buga hatimi aka ce za a zo in layi ya zo kanmu. Na nemi zaman gaggawa, na buɗe kwalin ashana a gaban kowa. Mai kemis na hawa na uku ya ce gilashi ai gilashi ne, ko a bola ana samu. Malama ta roƙa a riƙa cika tankin rabi kawai. Mai Siminti ya ce sam, ɗaya shagon nasa mai wanki ne ke haya da injuna uku, ba zai kashe wa mutum sana'a saboda mafarkin tsoho ba. Bakwai da biyar kuma. Na ce musu in an ƙi ji ba a ƙi gani ba, na ɗauki sandata.

A ranar muka ciccibo gado ni da mai ɗakina muka kawo falo. Tana jan katifa tana mita, wai shekara arba'in ina gina wa mutane gidaje, ga ni ƙarshe ina kwana a falo kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Na ce gara a yi mini dariya a falo da a zo mini gaisuwa a ɗaki. Ta kwashe hotunan 'ya'yanmu da akwatin takardu. Wata biyu muka yi a haka. Duk sanda injin ruwa ya tashi yana cika tanki, sai in ga ta daina abin da take yi tana kallon silin.

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, yara duk suna makaranta, kuma wannan kaɗai nake gode wa Allah a kai har gobe. Injin bai daɗe da tsayawa ba, tanki ya cika maƙil. Ina shan shayi na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara, sannan benen gaba ɗaya ya girgiza. Ginshiƙin ya durƙushe, tankin ya kife ta ɓangaren matakala ya fashe. Filastar silin ɗakinmu ta zubo daidai inda kawunanmu suke a da.

Ruwa ya nemi bututu ya tarar da siminti. Da ma rufin ta wajen ƙofa ya karkata, sai ya bi can. Ƙofar langa-langa ce, ya ɓalle ta, ya bar kwaɗon yana lilo a jikin ƙarfe, a kulle. Na buɗe ƙofata na ga kogi yana sauka matakala ɗauke da takalman mutane. Hawa na huɗu ya jiƙa mana bakin ƙofa ya wuce, na uku haka, na biyu haka. Ruwa ba ya zama a sama. A ƙasa ya tarar da ƙofar Mai Siminti a buɗe tana fuskantar matakala, ya shiga ya gaida mutanen gida, sauran ya gangara taki biyar ɗin nan.

Mako guda kafin nan Mai Siminti ya ji labarin siminti zai yi tsada, ya cika ɗakin har rufi, buhu ɗari uku. Ɗakin ba shi da kwata. Na sauko a hankali na same shi cikin ruwa har ƙugu, da riga mai tsada, yana rungumar buhu yana ihu a kawo bokitai. Bokitan da ya fitar shekara uku da suka wuce. Duk da haka muka kama masa, don maƙwabci maƙwabci ne ko da ya ɓata maka rai. Buhu arba'in muka fitar. Injin zuƙe ruwa sai washegari da yamma aka samu, kuma duk magini ya san abin da siminti ke yi in ya kwana da ruwa. Shi ma ya sani, ai sana'arsa ce.

Injiniya ta katse hutunta ta zo. Ta hau rufi, ni ina biye, Mai Siminti yana bayana yana cewa ƙaddara ce, takarda ma ta nuna lafiya. Ta tona cikin ɓaraguzai ta ɗago guntun kankare mai shuɗin fenti. Gilashin yana jikinsa, ko ƙwarzane babu. Ta juya shi ta nuna mana. Baki ɗaya aka liƙe, ɗayan bakin an ɗiga masa siminti don ido amma bai kama bango ba.

Ta ce, "Wannan ko benen ne ya rushe ba zai karye ba. Wa ya liƙa?"

Na miƙa mata kwalin ashana. Ta duba rabin rubutun ta ce hannunta ne, na jikin kankaren kuwa ba nata ba ne. Kafin yamma mai fenti ya faɗi wanda ya ba shi gilashi da jan alƙalami. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Muka yi zama a falon Malama. Mai kemis ne ya fara miƙewa yana cewa shi tun farko hankalinsa bai kwanta da tankin nan ba. Ihu bayan hari ke nan. Aka kaɗa ƙuri'a kan wanda zai ɗauki nauyin ɓarna, tara da uku. Ukun nan kun san na wane ne.

Ga abin da Mai Siminti ya rasa. Buhu ɗari biyu da sittin sun zama dutse ɗaya, lebura huɗu suka kwana tara suna fasawa da guduma, shi ya biya su, ya biya motar da ta kwashe. Kafet ɗin falonsa, kujeru, talabijin da firij. Injin wanki biyu na ɗan hayarsa, da ɗan hayar kansa, don ya tashi. Sabon tanki, ginshiƙai huɗu, ƙofar rufi da silin ɗakina, duk a wuyansa. Tarar hukuma. Layi biyu na tayil ɗin da aka fasa don a buɗe bututu. Hayar ɗakin ƙarƙashin matakala ta shekara uku, Malama ta lissafa masa wata-wata. Shugabancin ƙungiya. Sai shago ɗaya da ya sayar don ya biya duk wannan, ƙuri'unsa suka koma biyu.