Kunnen Aku

Duk ranar Talata, ranar awon jarirai, Sista ce ke tsayawa gaban iyaye mata a barandar asibiti ta yi musu bayani kafin a fara kiran suna. Shekararta goma sha ɗaya a wannan aiki. Ta iya sa su dariya kafin ta faɗa musu mai ɗaci.

"Yaro ba rediyo ba ne da za ki kunna ki tafi wanki," takan ce. "Zauna ki saurare shi. In ya yi zazzaɓi mai zafi ya tashi, kada ki ce shi ke nan. Ki lura da idonsa, ki lura da kunnensa."

Autanta ana ce masa Aku, don tun yana shekara biyu duk abin da aka faɗa a gidan sai ya maimaita, har da tarin babansa. Yana aji biyu a firamare ya kwanta zazzaɓi na kwana tara. Ita ta yi jinyarsa da hannunta. Ya tashi, ya koma makaranta, ita ma ta koma bakin aiki.

Daga nan yaro ya sauya. Sai ta kira shi sau uku daga kicin, yana zaune ya ba ƙofa baya yana zane a jikin kwali, ko motsi. Ran nan ta ce ya ɗauko buta, ya dawo mata da ashana. Babansa, wanda kafinta ne, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da abin ya yi yawa, dariyar ta ƙare.

"Yaron nan ya fara raina mutane," in ji shi.

"Taurin kai ne, irin na gidanku," ta ce, tana ɗaura agogo tana neman takalmi.

Wata safiya a bakin titi Aku ya saki hannunta ya yi gaba. Ta ƙwala masa kira, bai waiwayo ba. Wani mai babur ya taka birki har tayar baya ta ɗaga. Ta fizgo shi, ta zabga masa mari a gaban jama'a. Bai yi kuka ba. Bakinta kawai ya tsura wa ido.

Bayan sati biyu malamar ajinsu ta aiko tana son ganinta. Yarinya ce sabuwar ɗauka, ba ta fi sa'ar ƙanwar Sista ba. An tashi, ajin babu kowa sai Aku a bencin baya yana kwafar rubutu daga allo.

"Anti, ba aikinki zan koya miki ba," malamar ta fara, tana murza alli a hannu.

"Faɗi laifin da ya yi kawai, ina da marasa lafiya suna jira."

"Bai yi laifi ba. Don Allah ki tsaya nan ki gani."

Malamar ta zagaya bayansa ta kira shi. Shiru. Ta ɗaga murya. Shiru. Ta ɗauki gwangwanin alli ta sake shi a kan siminti, ƙarar ta cika ajin. Aku ya ci gaba da rubutunsa, harshe a gefen baki.

Sista ta nemi benci ta zauna. Ta lissafa a zuci: wata bakwai ke nan da zazzaɓin.

Ofishin likitan kunne yana saman bene, a asibitin da take aiki. Kullum sai ta wuce ta gindin matakalar. Aka sa wa Aku abin sauraro a kunne, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Tana kallon yatsan likita yana danna maɓalli, yana sake dannawa, hannun yaron na kan cinyarsa.

"Na dama ya tafi," likita ya ce. "Na hagu da ɗan saura."

"Da na kawo shi da wuri fa, Dokta?"

Ya gyara takardun gabansa, ya daɗe yana gyarawa. "Sista, mu yi maganar abin da ya rage."

Ya ce za a gwada masa na'urar ji a kunnen hagu. A mayar da shi bencin gaba. In za a yi masa magana a zo ta gabansa, a bar haske ya faɗa kan fuska don ya ga leɓe, kuma ihu ba ya ƙara komai. Akwai iyayen yara irinsa da ke haɗuwa duk Asabar a ɗakin taro na ƙasan benen, ana koya musu maganar hannu. Ya miƙo mata takardar bayani. Ta san takardar. Akwai damin irinta a durowarta, ita ke raba wa mutane.

Da la'asar ta samu Aku a tsakar ɗaki. Ta durƙusa har fuskarsu ta daidaita, ta riƙe kafaɗunsa, ta yi magana a hankali.

"Ka ci abinci?"

Ya kalli bakinta, ya gyaɗa kai. Can ya ce, da wata murya mai ƙarfi da ba ta daidaita ba, "Mama, kin huce?"

"Na huce da me?"

"Tun da na yi ciwo kowa ƙasa-ƙasa yake min magana. Ke da Baba da su Yaya. Na ɗauka fushi kuke yi da ni. Ina ta tunani ban gano abin da na yi ba."

Baban yana tsaye a bakin ƙofa da zarto a hannu. Ya ajiye shi a hankali ya fita. Shagonsa yana jikin gidan, amma har magariba ba a ji bugun guduma ba.

Ranar Asabar su ukun suka je ɗakin taron. Mai koyarwa ta nuna yadda ake cewa ruwa, da yunwa, da "ina ne ke maka ciwo". Aku ya kama nan take. Yatsun babansa kuwa, da aikin katako ya ƙandarar, suka ƙi lanƙwasuwa. Ya gwada sau huɗu, Aku ya kama masa su yana gyarawa ɗaya bayan ɗaya, sannan yaron ya fashe da dariya, dariya mai ƙarfi har mutane suka waiwayo, shi bai san ta kai haka ba.

Sista ta ce za ta sha ruwa. Ta fita ta tsaya a gindin famfon bayan ɗakin, ta buɗe shi, ta yi kukanta har ya ishe ta. Sannan ta wanke fuska, ta koma ciki ta zauna a gefen hagun Aku.