Fijo Mai Wucewa Shiru

Kowace safiya, da rana ta ɗan ɗaga, wata farar Fijo 504 mai dogon baya takan gangaro ta layin Masta Mutaru a Zango ba tare da ƙarar inji ba. Ba a jin komai sai gurzar taya a kan tsakuwa da kukan sifirin idan ta faɗa rami. Mai kokon bakin kwata ta saba, har ta daina ɗaga kai. Alhaji Sumana yana bayan sitiyari, ya miƙe wuya kamar mai wuce ɗakin marar lafiya. Sai ya kai mahaɗar masallaci a ƙasan gangaren sannan ya murɗa makulli, ya jefa giya ta biyu, ya saki kuloci, motar ta yi tari ta kama.

Duk wanda ya tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: tattalin mai. Ba wanda ya ƙaryata shi, don a Kumasi, garin tudu da kwari, direban da bai taɓa sa mota a firi ba bai taɓa sayen fetur da kuɗinsa ba. Sai dai da yamma gangaren yakan zama hawa, mota kuwa ba ta hawa da inji a kashe. Don haka yakan zagaya ta Akwatialine, ya kutsa tsakanin trotro, ƙananan motocin haya, da masu turin kaya, ya ƙona ninkin man da ya adana da safe. Shekara uku cur dattijo mai furfura yana wannan wauta, saboda injin da ke cikin motar ba shi ne wanda Mutaru ya sani ba.

Masta Mutaru fita ne, wato makanike, shekara arba'in a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, kafin ciwon suga ya cinye masa idanu. Tare suka dawo daga Legas da Sumana a cikin wannan Fijo a 1983, lokacin da aka ce 'yan Gana su tattara su bar Nijeriya, mutum goma sha ɗaya da keken ɗinki biyu da katifa a sama. A layin kan iyaka, inda motoci suka yi ta tafasa suna mutuwa, Mutaru ya shige ƙarƙashinta da sifana a baki, ta kuwa kawo su har gida. Tun daga nan babu hannun da ya ƙara taɓa injinta sai nasa. Sau uku ya sauke shi ya sake haɗawa, na ukun yana yi yana lalube, don gani ya riga ya fara guduwa. Shi ne inji na ƙarshe da ya haɗa. Da ya gama, ya buga ɗigo uku a jikin tofsilinda, alamar da yake sa wa duk aikinsa, ya ce wa Sumana, "Direba, wannan sai dai ya binne mu."

Bai binne kowa ba. Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi, Sumana, wanda ke kai kayan 'yan kasuwa daga kasuwar Kejetia zuwa garuruwan kusa, ya ga wuni yake yana yi wa gidan mai aiki. Ya kai motar wani gareji can ƙarshen Magazin inda ba a san shi ba, aka dasa mata injin Japan hom-yus, na hannu daga waje, aka miƙa tsohon ga 'yan gwangwan. Bayan kwana shida zuciyarsa ta hana shi sakat, ya koma nema. Suka ce ai an fasa. Gangar jikin ta tafi wurin masu zuba faifan injin niƙa, tofsilinda kuma masu ƙera tukwane sun narka. Ya daɗe tsaye a cikin tarin ƙarafa. Har yau in ya ga ana kwashe waache, shinkafa da wake, daga sabuwar tukunya sai abincin ya fita masa a rai.

Da ƙafa yake zuwa majalisar la'asar a rumfar ƙofar Mutaru, inda ba a hirar komai sai mota. Mutaru kan zauna a tsakiya, kunne ɗaya a karkace wajen titi, yana yanke wa duk motar da ta wuce hukunci.

"Tasi ce wannan. Fulogi ɗaya ya mutu, mai ita bai sani ba."

"Masta, ku yarda kawai," in ji Abass, ɗan tasin da bara ya tare a layin, mai ƙaramar mota silinda uku. "Lita biyar nake zuba, in yi Kejetia, Tafo, in dawo, allurar mai bai motsa ba koraa, ko kaɗan. Fijon ku fa? Shi na shan mai paa."

"Silinda uku," in ji Malam Sanni, tsohon direban motar katako, yana taɓe baki. "Keken ɗinkin matata ya fi shi murya. Ka taɓa jin Marsandi mai dizal ta tashi da safe? Ƙasa ke amsawa."

"Ƙasa na amsawa, aljihu na kuka, Baaba."

Mutaru ya yi murmushi. "Mun ga Bedford mai bodin katako, mun ga Datsun ta zo ta kore ta daga tasha, mun ga Fijo ta mallaki hanyar arewa. Kowacce in ka tambaye ta abin da ke damunta za ta gaya maka. Naku na yanzu sai an jona masu kwamfuta, kamar mai zuwa kotu da tafinta."

Abass ya juya ga Sumana. "Alhaji, tsakani da Allah. Kumasi zuwa Techiman, galan nawa?"

"Biyu da kwata," in ji Sumana.

Girman kai ne ya fizge maganar daga bakinsa, don ya gaji da yaron nan yana raina masa mota. Sai da ta fita ya ji nauyinta. Malam Sanni, wanda ya san labarin sabon injin, ya kama tarin da babu shi.

"Biyu da kwata," Mutaru ya maimaita a hankali. "Ta yi hankali da tsufa ke nan. A hannuna uku da rabi take ci."

"Firi ne, Masta. Ina yawan sa ta a firi."

"Haka ne. Ina jin ka."

A daidai nan Barkisu ta fito daga gida da butar shayi. 'Yar Mutaru ce, ma'aikaciyar jinya a Tamale, ta zo kwana uku da suka wuce. Ta durƙusa ta gaida su, sannan ta ce, "Baaba Sumana, gara ku ji daga bakina. Ranar Asabar zan tafi da Baaba. Ƙafarsa ta fara ciwo, kuma nan babu mai duba masa allura a kan lokaci. Can zai zauna wurina."

A shekarunsu, duk sun san abin da ake nufi da zama wurin 'ya.

"Abass zai kai mu tasha," in ji ta.

"A'a," in ji Mutaru. "Wadda ta kawo ni garin nan ita za ta fitar da ni. Ko ba haka ba, Direba?"

"Haka ne, Masta."

Kwana huɗu Sumana ya yi yana juya abin. Ya je Magazin ya sami wani tsohon injin 504 a ƙarƙashin tamfol, har ya yi ciniki, sannan ya tuna wa zai yaudara: mutumin da ke gane fulogi daga rumfa ba zai kasa gane aikin hannun wani ba. Ya yi tunanin cewa motar ta lalace. Ranar Juma'a bayan masallaci har ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga yadda Mutaru ya sa aka wanke masa tsohuwar shuɗiyar rigar aikinsa aka shanya. Ya haɗiye ƙaryar. Tsoro yake ji, tsoro irin na yaro, kada aminin shekara hamsin ya bar garin yana ganinsa maci amana.

Ranar Asabar da hantsi ya gangaro shiru kamar kullum, ya taka birki a ƙofar da ya yi shekara uku bai tsaya ba. Abass da Malam Sanni suka loda akwatuna a baya. Barkisu ta kamo hannun mahaifinta ta zaunar da shi gaba. Mutaru ya shafa dashbod, ya shafa ƙofa, ya sami tsagar kujerar da keken ɗinki ya yi tun daga Legas, ya yi dariya shi kaɗai.

Saura dabara ɗaya: a gangara a firi har mahaɗa, inda hayaniyar trotro za ta rufe komai. Sumana ya kai hannu zai saki birkin hannu, sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu. Har yanzu yatsun na makanike ne.

"Tayar da ita a nan."

Sumana ya murɗa makulli. Injin ya tashi nan take, da siririyar murya mai santsi, babu gurnanin nan mai kauri da duk Zango ta sani. Sumana ya kafa ido a gilashi. Mutaru ya saurara har Barkisu ta duba agogo.

"Buɗe bonet."

Mutaru ya fita yana dafa jikin motar. Daga aljihun shuɗiyar rigar ya zaro dogon sukudireba mai ƙotar katako, ya ɗora tsinin a jikin injin, ya manna ƙotar a kunne, yadda fitocin zamanin da can suke yi. Ya matsa nan, ya matsa can. Hannunsa bai ko nemi wurin ɗigo ukun ba.

"Inji ne mai kyau," in ji shi. "Wanda ya dasa shi ya iya aiki, sai dai ya matse fambel da yawa. Boris na famfon ruwa ya kusa tafiya. Tun azumin bara nake jin sa."

"Tun azumin bara?"

"Daga mahaɗar masallaci, in ka tayar. Idona ne ya mutu, Direba."

Sumana ya matso kusa da shi. "Masta, ka yafe mini. Man ne ya fi ƙarfina. Na koma in karɓo shi, wallahi na koma, na tarar sun narka."

"To, me za a yi da ƙarfe in ba a narka ba? Ni da kaina na sauke injunan mutane sun fi ɗari na jefar." Mutaru ya ɗago daga kan injin. "Ranar farko da na ji taya ta wuce babu murya na gane. Na ce gobe zai kawo mini baƙon in saurara, in gaya masa ko an cuce shi. Na sa Barkisu ta nemo mini wannan a akwati. Shekara uku yana aljihuna."

"Me ya hana ka yi magana?"

"Na ce in na tambaya zan kunyata ka. Na yi ta jira. Nawa laifin ke nan." Ya juya sukudireban a hannu. "Tun da idon nan ya tafi babu wanda ya ƙara kawo mini mota. Na ɗauka ko kowa ya daina, kai ba za ka daina ba. Kuma kullum ka gangaro sai na riƙe numfashi, don birki tauri yake in inji na kashe, ga yaran makaranta a layi. Wannan ne kawai na ji haushinsa."

Sumana ya rufe bonet. Baƙin ciki ya cika shi, ba na injin ba, na yammacin da ba su ƙirguwa da ya zauna a rumfar nan hannu wofi, alhali abin da abokinsa yake so yana fake a ƙofar gidansa.

"Baaba, bas ba za ta jira mu ba," in ji Barkisu a hankali.

A hanya Mutaru bai bar shi ya huta ba. Ya sa shi ya taka, ya sa shi ya saki, ya ce giya ta uku ta yi wa wannan inji tsawo, ya ce a duba salansa, ya tambayi wane baƙin mai ake zuba masa, ya yi tsaki da ya ji amsar. Fuskarsa ta yi haske kamar ta mai angwanci. Sumana ya bi ta hanya mafi nisa, ya shiga duk cunkoson da ya gani, amma tashar motocin Tamale ba ta fi tafiyar minti ashirin ba ko an ja ta.

A bakin bas suka riƙe hannun juna.

"Ka canja boris ɗin kafin ya zubar maka da ruwa a daji."

"Zan canja. Zan kawo ta Tamale ka ji."

"Galan nawa za ta ci?"

"Ban sani ba, Masta."

"To, ka auna. Ka zo mini da gaskiyar lissafi."

Ranar Litinin aka sauke famfon ruwan. Fitan da ya cire shi ya juya boris ɗin a hannu, ya tambayi wace kwamfuta ce ta gano wannan tun bai fashe ba. Sumana ya ce wani ne ya ji.

Washegari da safe ya fito daga gida da injin yana aiki lafiya lau, ba ko ƙis. Ya yi niyyar ya gangara da shi a kunne, ya ma taka shi sau biyu a ƙofar Mutaru. Amma da ya iso kan gangaren, hannunsa ya riga shi, ya murɗe makulli. Motar ta sulala. An naɗe tabarmar rumfar, an jingine bencin a bango, ƙofar da kwaɗo. Mai koko ba ta ɗaga kai ba. A cikin shirun sai ya ji wani abu yana gangarawa a kan dashbod, yana bugun gilashi yana dawowa. Sukudireba ne mai ƙotar katako.